Kambas Mai Jar Fata

Shekarar da na yi wannan tafiya ita ce shekarar da anka canza kuɗi. Soja ba su daɗe da sauke mutumin namu daga mulki ba, an kwashe tutocin jam'iyya daga bakin titin Shagari, masu manyan riguna duk sun shige ɗaka sun yi tsit. Kafin nan da shekara guda anka kori baƙi daga ƙasar nan. Kafin korar baƙi kuwa da damina biyu mai gidana ya rasu, Allah shi jiƙan shi. Ku masu lissafin boko sai ku haɗa ku fitar da shekarar. Ni ban yi makaranta ba, amma abin da ya same ni ban taɓa ɓata jerinsa ba.

Ni ɗiyar dukawan Bodinga ce. Ubana ya yi wa hakimai takalmi, ya yi wa fatake, kuma tun ina ƙarama na iya riƙe basilla, ko da yake ba aikin mata ba ne. Aure ya kai ni Lambara. Can na haifi ɗan farina, namiji, anka raɗa masa sunan surukina. To kun ji inda abin ya ɗaure. Mu a nan uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Ga shi kuma sunan uban miji ne, wanda shi ma ba ya fita bakin matar kirki. Kunya biyu a kan suna ɗaya. Tun ranar suna ban kira shi ba. "Wancan" nake cewa, ko "yaron nan". In zan ba shi fura sai in ajiye in dubi bango in ce, "Ga fura nan in da mai sha." Matan yanzu suna dariyar wannan. Su yi. Mu haka anka raine mu, kuma ba mu lalace ba.

Farkon mulkin farar hula, lokacin da kuɗi ke yawo kamar ba za su ƙare ba, yaron ya sayar da albasar fadamarsa ta farko, ya dawo daga kasuwar Bodinga da takalmi a cikin kwali. Kambas. Fari fat, mai dogon wuya har ya rufe idon sawu. Da ya fita na ɗauka na jujjuya, don ɗiyar baduku ba ta ganin takalmi ta ƙyale. Samansa ƙyalle ne mai kauri irin tamfol ɗin mota. Ƙasansa roba, an yi mata zane kamar saƙar faifai don kada ta zame. Ga wata roba ta rufe yatsu kamar hula, ga wata ta kewaye gindin duka da siririn baƙin layi a jikinta. Ramukan igiya sun jeru bibbiyu, kowanne da zoben ƙarfe, harshe a ƙarƙashinsu. Can gefen tafin ƙafa akwai wasu ramuka biyu da ba igiyar da ke shiga cikinsu, na rasa amfaninsu. Daidai idon sawu ta ciki an manna wata roba kewayayya kamar bakin ludayi. Na nemi ɗinkin da ya haɗa sama da ƙasa, ban gani ba. Na ce a raina, wanga ba takalmi ba ne, tsumma ne anka liƙa wa taya.

Shi kuwa ya so abinsa. Ba ya zuwa gona da shi. Ranar Juma'a da safe zai wanke shi da soso da sabulu, ya shafe shi da alli, ya jingina a katanga ya tsaya yana korar kaji. Da ya kwana biyu, ƙyallen ya tsage wajen ƙaramin yatsan dama, inda ƙafa ke lanƙwasawa. Robar idon sawun hagu ta ɓamɓare ta faɗi, igiyar hagu ta tsinke. Wata rana yana fadama na ɗauko ragowar jar fatar ubana, ta akuya, irin wadda ba a iya jemarta ko'ina sai ƙasar Sakkwato. Na yi wa yatsan faci, na yanka wata kewayayya na ɗinka a gurbin robar, na kitsa siririyar igiya ta fata na zura a ƙafar hagu. Na mayar inda na ɗauka. Ya dawo ya gani. Bai ce komai ba, ban ce komai ba. Juma'ar nan dai ya yi ta gilmawa ta ƙofar ɗakina ba gaira ba dalili.

Bayan rasuwar ubansa duniya ta fara tsukewa. Taki ya ɓace, albasa ta faɗi a gida. Ya haɗa tasa da ta maƙwabta ya bi babbar mota zuwa bakin teku, inda anka ce tana daraja. Ɗan ci-rani kafin ruwan farko yake dawowa. Ruwa ya sauka, babu shi. Anka sake wata daminar, babu shi, babu saƙo. Ya bar mata, Hajo, da jaririya a baya. Uban Hajo, Malam Labbo na Mandera, mutumin kirki ne, bai yi gaggawa ba. Amma da rani ya sake zagayowa ya zo ya zauna a zaure ya aika a kira ni.

"Ke dai kin san ba ni son wanga zance," ya ce. "Amma ɗiya ba ta zama hakanan, ita ba mai miji ba, ita ba bazawara ba. In ruwan bana ya sauka bai zo ba, za ni wurin alƙali a raba."

Na ce, "Malam, ba ka faɗi son rai ba. Ka ba ni ranin ga."

Ƙannen mai gidana kowa ya ce da hidima a gabansa, ba mai zuwa neman yaron. Sai na sayar da tumakina na ɗaure zane. Yadda na fita gida ba abin ba da labari ba ne.

Ɗan Tumba, direban motar albasa, shi ya ɗauke ni bisa buhuna. Munka bi ta Kamba, munka ƙetare kogi a Gaya, munka sauka Malanbil, bakin ƙasar Dahome. Nan ce iyakarsa. Ya kai ni wurin dillalan albasa ya faɗa musu sunan, ni kuwa ina gefe na kau da kai.

Babban dillalin ya yi dariya. "Masu wannan suna a kasuwar nan sun fi buhunan da ka kawo. Wanne daga ciki?"

Ɗan Tumba ya juye kaya ya roƙe ni in koma da shi. Na ƙi. Ya tafi da motarsa, ya tafi da sunan. Daga ranar ba wanda ya rage kusa da ni da zai iya faɗinsa.

To mi ya rage mini? In na ce dogo ne baƙi mai sanyin magana, rabin kasuwa haka suke. Sai takalmin. Na dinga bin rumfuna ina kwatanta shi, tun daga hular yatsu har jan facin. Ina gaya wa wani mai goro ke nan, ban san da mutum a bayana ba. Da la'asar sai ga shi ya zo ya durƙusa, kaftaninsa tsaf, da haƙorin Makka a baki.

"Inna, ke ce ke neman mai farin kambas? Mai dogon wuya, da jar fata a yatsa, da wata a idon sawu?"

Na ce, "Ina ka gan shi?"

"Faraku. Ko makon jiya mun ci tuwo tare. Kullum zancensa ke nan, innata, innata."

Na sayi mazauni biyu a mota, na ciyar da shi a hanya. Da munka isa tashar Faraku ya ce mai gidan da yaron yake ba ya barin a ga ma'aikatansa sai an kai masa gaisuwa. Na kwance 'yan kunnena na azurfa, na aurena, na ba shi. Ya ce in zauna nan kada in motsa. Na zauna har inuwa ta juya ta bar ni a rana, ta sake dawowa. Ina nan zaune abu ɗaya ya faɗo mini: duk abin da ya faɗa, abin da na gaya wa mai goro ne. Igiyar fata ban ambata wa mai goro ba, shi ma bai ambata ba. Daga ranar na ƙulle zancen igiyar a cikina. Na ce duk wanda ya ce ya gan shi, sai ya faɗi wannan da bakinsa.

Wata mai tuwo a bakin tashar ta ɗauke ni, mutuniyar Jega, Ta-Jega ake ce mata. Ta ba ni gefen tabarma, ni kuma ina wanke mata kwanoni. Mace ce mai baki, amma cikinta fari.

"Wai Inna, kin baro garinku, kin ƙetare kogi, kina neman mutum ba suna? Ko akuya ce ta ɓace ai ana faɗin sunan mai ita."

"Ɗan fari ne."

"Na sani, ni ma na haifa. Amma nan ba gida ba ne. Matso ki faɗa mini a kunne, ba mai ji."

Na ce, "Ni zan ji."

Ta dube ni ta girgiza kai. "Ku mutanen Sakkwato, girman kanku sai ya kashe ku a daji."

Akwai ɗan masallaci daura da rumfarta. Wata rana da azahar ina zubar da ruwan wanke-wanke na ga maza sun shige, sun bar takalmansu tuli a ƙofa. Na tsaya da kwano a hannu. Fuskar mutum a taro ba ka iya bin ta, yana juyawa, yana sunkuyawa. Amma Musulmi duk inda yake dole ya tuɓe takalmi ya bar shi waje, ya ba shi baya. Mace irina ba ta shiga, amma ba wanda ya hana ta wucewa ta ƙofa. Daga ranar na samu sana'a. Da an tada salla sai in bi ƙofofin masallatai ina duba ƙasa. Na ga silifa da anka ɗaure da waya, na ga faɗen Buzaye, na ga sau-ciki na ma'aikata da dunduniya ta cinye gefe guda. Na ga kambas ma, farare da baƙaƙe da shuɗɗa, masu gajeren wuya da masu dogo. Duk sanda na hango fari sai in matsa in dubi yatsan. Na gama masallatan Faraku kaf, babu jar fata.

Ta-Jega ta sa ni jirgin ƙasa zuwa Kwatano, can bakin teku, ta ƙulla mini ƙuli-ƙuli a leda. Ba mu sake haɗuwa ba.

Kwatano gari ne da ban so ba. Iskarsa jiƙaƙƙiya ce, tufa ba ta bushewa, komai warin kifi. Ga yashi kamar na gida amma ba na gida ba. Abincinsu garin rogo da manja, sai na yi ta mafarkin furar gero da nonon Fulanin Dandin Mahe. In na ji kewa ta ci ƙarfina sai in je inda ake sauke albasa in tsaya ina shaƙa. Kuma lokacin ba a son mu. Da an ji daga Nijeriya kake sai fuska ta canza. Wani jandarma ya tsare ni a bakin kasuwa, tafinta ya ce wai yana tambaya, da kuka kori nasu kamar awaki, ke wa ya ba ki izinin zuwa? Na ce a gaya masa ni ko kazar maƙwabta ban taɓa kora ba. Ya karɓe goron da ke hannuna ya sake ni. Ana cikin haka wata safiya masu canji sunka ƙi karɓar nairar da ke lalitata. Wai an canza kuɗi a gida, an rufe iyaka, abin da ke hannuna ya zama takarda. Tumakina ke nan sun mutu a ƙugu.

Faɗena ma, aikin ƙanen ubana, bai jure damshin garin ba. Maɗaurin ya ruɓe ya tsinke, ƙafafuna sunka tsattsage. Na kai shi wurin wani mai gyaran takalmi da ke zaune gindin bishiya kusa da masu albasa, dattijo mai furfura, sunansa Kwaku. Ya yi mini Hausa tiryan-tiryan. Mutumin Gana ne. Ya yi aiki a gidan yin takalmi a Ikko, ya yi gyara a Zariya, sannan anka kore su. Ya ce garinsu yunwa ake, shi ya sa ya tsaya a hanya.

Da na ji haka na miƙa hannu in karɓi takalmina. Na ce, "Ba ni abina. Ba ni da abin biya, kuma mu ne munka kore ku."

"Mama, zauna. Ke kika tuƙa motar?" Ya jujjuya faɗen. "Wannan fata ce ta gaske, amma ba ta garin ruwa ba ce. A nan kambas ake sawa."

"Tsumman da anka liƙa wa taya?"

Ya yi dariya har ya ajiye guduma. Ya jawo wani tsoho daga cikin tarkacensa ya ɗora a gwiwa. Ya ce ba liƙi ba ne kawai. A gidan da ya yi aiki, sai an ɗinka ƙyallen, a sa shi a ƙafar ƙarfe, a naɗa masa roba tana ɗanya, sannan a tura cikin tanda a gasa kamar burodi, har roba da ƙyalle su zama abu guda. Shi ya sa ban ga ɗinki ba. Ya ce yadda ya ji daga manyansu, Turawa sun fara yin sa ne don masu yawo bakin teku da masu wasa, kuma na farko ba dama ba hagu, kowace ƙafa ta samu ta shiga. Daga baya masu jefa ƙwallo a kwando sunka so mai dogon wuya don ya riƙe musu idon sawu, anka manna wannan kewayayyar robar ta ciki don kada ƙashi ya bugi ƙashi. Soja sunka ɗauka don atisaye, makarantu sunka ɗauka, har ya zo ga talaka.

"Kuma ba ya ƙara," in ji shi. "Mai shi zai zo bayanki ba ki ji ba. Ɓarayi na son sa, masu zuwa zance ma haka."

Na nuna ramukan nan biyu na gefe. "Waɗannan fa?"

"Nan yake numfashi. Ƙafa ma tana son iska."

Shekaru ina ɗauke da wannan tambaya. Sai na ji bakina ya buɗe, na kwatanta masa wanda nake nema, da facin yatsa da na idon sawu. Ya daina abin da yake yi.

"Mai igiyar fata a hagu?" ya ce. "Kitsattsiya?"

Ni kuwa ban ambata masa igiyar ba. Na ce, "Yaushe ka gan shi?"

Ya ce an daɗe, tun zuwansa garin. Wani dogon saurayi ya kawo masa shi, robar gefe ta fara buɗewa. Kwaku ya ce bari ya cire fatar ya sa ƙyalle fari don ya yi kyan gani, ya ba shi sabuwar igiya. Saurayin ya fizge takalmin ya ce in ya taɓa jar fatar nan za su yi faɗa. Kwaku ya ce ya ji dillalai sun cinye wa yaron albasa, tasa da ta mutane, yana dako a kasuwa. Daga baya yaron ya bi masu zuwa Lome, wai can tashar jirgin ruwa ta fi aiki.

Faɗena bai gyaru ba. Kwaku ya zaɓo wani kambas shuɗi na 'yan makaranta, ya wanke, ya durƙusa ya ɗaura mini da hannunsa. Ni ɗiyar baduku, jikar baduku. Na tashi na taka. Ba zan yi ƙarya ba, ƙafata ta ji daɗi. Ya yi magana da wani direba ɗan ƙasarsu ya ɗauke ni kyauta.

A Lome na sauka zango wurin Hausawa. Na ci gaba da sana'ata, ƙofa bayan ƙofa. Sama ta fara haɗa hadari a can, na san a gida ma an fara sharar gona, Malam Labbo yana duban gabas. Ranar Juma'a na tafi babban masallacin zango. Mutane sun cika har titi, takalma kamar an zubar da kasuwa. Anka tada kabbara, kowa ya ba ni baya. Na bi gefen katanga ina dubawa.

Yana nan jingine da bango, an kifa ɗaya bisa ɗaya. An wanke shi, an shafa masa alli. Jar fatar ta yi duhu, amma ɗinkina ne, ɗinkin ubana, bibbiyu a gicciye. Ga igiyar.

Na ɗauka na rungume na zauna a ƙasa. Na ce mai shi ba zai tafi ba sai ta kaina. Ban tuna ba cewa wanda ya ɗauki takalmi a ƙofar masallaci suna ɗaya gare shi. Ana sallamewa wani ya ƙwala ihu, "Ɓarauniya! Ga ta nan ta kwashi takalmi!" Kafin in ɗaga kai an kewaye ni. Wani ya fizgi mayafina, wani ya ce, "Tsohuwa da ke, ko kunya!" Wani ya ce a duba na ƙafarta ma na sata ne. Ban saki ba. Idona yana kan ƙofa, ina jiran dogo baƙi ya fito ya gan ni, ya kau da kai yadda ya saba, in kau da nawa.

Wanda ya ratso taron gajere ne, siriri, Bazabarme, ƙafarsa ba takalmi. Ya dubi abin da ke hannuna, ya dubi fuskata. Sai ya ɗaga hannu ya ce wa mutane su ja baya. Ya durƙusa a gabana.

"Inna," ya ce, "ke ce mai jar fata?"

Na ce, "Ina mai shi?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Waɗanda ke zagina sunka amsa masa.

Sunansa Hamani. Ɗaki ɗaya sunka zauna da yaron, dako ɗaya sunka yi a tashar jirgi. Ya ce yaron ya rantse ba zai koma gida ba sai ya haɗa abin da zai mayar wa masu albasa, don ba zai iya haɗa ido da su ba. Da ƙafa tsirara yake dako, takalmin sai Juma'a, yana cewa da shi zai shiga garinsu. Bara da damina ciwon ciki ya shigo zango ya kwashi mutane, har da shi. Hamani ya yi masa wanka, kuma a al'adarsu ta zango wanda ya wanke baƙo shi ake ba abin da ya bari. Abin da ya bari ke nan.

Liman ya sa anka kai ni zaurensa, anka ba ni ruwa. Dattijo ne Bakatsine. Ya yi mini gaisuwa, sannan ya ce, "Baiwar Allah, akwai abin da ya tsaya mana a rai. Mun sallaci ɗanki, mun binne shi, ba mu san sunansa ba. Ɗan Kambas kowa ke ce masa. Ko garinsu bai faɗa ba, don kada labari ya kai gida."

Na dubi Hamani. Ya ce, "Na taɓa tambayarsa. Ya yi dariya ya ce, bar shi kawai, ko innata ba ta taɓa kirana da shi ba."

Liman ya ce, "Ga jama'a ba su watse ba. Faɗa mana sunansa mu yi masa addu'a da shi."

Na duba zauren. Daga nan har kogin Gaya ba mai rai da ya san sunan nan sai ni. Ba Ɗan Tumba, ba Hajo, ba wanda zan ce wa faɗa musu. Liman bai matsa mini ba, ya jira. Na tuna Ta-Jega da ta ce ba mai ji.

Na faɗa. Ban faɗa wa liman ba. Na ɗaga murya na kira shi, yadda ake kiran yaro in ya yi nisa a gona ga abinci yana hucewa. Sau ɗaya. Na ji shi da kunnena, suna mai daɗi ashe. Liman ya karɓa ya ɗaga hannu, mutane sunka ce amin.

Hamani ya kai ni bakin maƙabarta, na tsaya daga waje ya nuna mini wajen da yatsa. Da munka juyo ya miƙo mini takalmin ya ce nawa ne. Na dubi ƙafarsa, duk faso. Na ce, "Kana zuwa Juma'a da shi?" Ya ce bai taɓa fashi ba. Na ce, "To ci gaba. Muddin yana zuwa masallaci, mai shi na da rabo." Na zare igiyar hagu kawai. Na yagi bakin zanena na murɗa na zura masa a madadinta.

Dawowa ta fi tafiya wuya, iyaka a rufe, sai ta daji da kwalekwale, amma ba ni da sauran abin da zan ji tsoro a kai. Na iso Lambara an yi ruwan farko, ƙasa na ƙamshi, ana shuka. Hajo tana tsakar gida tana surfe. Ta dubi bayana ta ga ba kowa. Na kama hannunta na sa mata igiyar. Ta dube ta, ta ajiye taɓarya a hankali, ta shiga ɗaki.

Malam Labbo bai je wurin alƙali ba. Malamai sunka ce kwanakin takaba sun wuce tun ba mu sani ba, ba komai a kanta. Hajo ta ce ita ba ta san wannan ba. Ta kwance kitso ta zauna ta yi abinta cikakke. Masu albasa kuwa sunka zo gaisuwa, kowa ya ce ya yafe tun tuni, da ma ya dawo. Wannan magana ta fi komai ci mini rai.

Yanzu Malam Labbo ya rasu, Ɗan Tumba ya rasu, ƙannen mai gidana da sunka ce da hidima a gabansu duk sun gama hidimarsu sun tafi. Kwaku da Ta-Jega da Hamani ban san inda Allah ya yi da su ba, ina dai sa su a addu'a. Waɗanda sunka rage daga wancan zamani mu uku ne. Hajo tana Mandera, ta yi wani aure, ta yi jikoki, igiyar na cikin adakarta. Sai Nana, jaririyar da ya bari a baya, wadda ke rubuta wannan da nake faɗa. Sai ni. Nana ta san sunan ubanta, ta ce in bari ta sa shi a nan. Na ce a'a. Na kira shi sau ɗaya a Lome, kuma ya ji.